Baban Kentaki

Ƙanena Dikko ba mugu ba ne. Wannan nake so in fara faɗa, kada a karanta abin da ya biyo baya a ce Hasiya ta tona wa ɗan'uwanta asiri. Ni na goya shi, ni na yi masa wankan makaranta, na san shi tun yana yawo ba wando a Fagge. Zuciyarsa fes take. Bakinsa ne kawai ya fi ƙarfinsa.

Shekararsa sittin da ɗaya, amma tun da nake ban taɓa jin ya ce "ban sani ba." Ranar da ya fara shiga jirgin ruwan da ke tsallaka mutane daga St. George zuwa Manhattan, muka wuce gunkin matar nan mai ɗaga fitila a tsakiyar ruwa. Na ce, "Wannan kuma wace ce?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Ungozoma ce, Yaya. An taso ta karɓar haihuwa, shi ne ta ɗauki fitila." Kwanansa huɗu ke nan a Amurka a lokacin.

Ni a unguwar Stapleton nake zaune, kusa da St. George, gidan autata Khairunnisa da mijinta. Ba na kama sunan suruki, Likita nake ce masa, don a asibiti yake aiki. Dikko yana haya a layin bayanmu. Aikinsa ajiye motocin mutane a wani gareji a Manhattan, amma in ka ji shi a waya da mutanen gida, shi ne manajan motocin birnin gaba ɗaya. Idonsa kuma ya fara rauni. Likita ya ce ya zo a auna masa tabarau, ya ce, "Ni? Ni da nake ganin jinjirin wata kafin kowa a unguwarmu?" Takarda in an ba shi, manyan baƙaƙe kawai yake karantawa, sauran ya cika da kansa.

To akwai Fusena. Bazawara ce daga Zangon Kumasi, mijinta ya rasu shekara shida, tana da shagon abinci kusa da tashar bas. Kullum Dikko yana can, yana cin wake da shinkafarta yana koya mata yadda ake sa gishiri. Da abin ya ci shi, sai ya aiko ni in ji ta bakinta.

Hausar Zango ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Da farko na ɗauka raina ni take yi. Ta ajiye ludayi ta ce, "Hajiya, ƙaninka yana da kirki, na gani. Amma na taɓa auren mai surutu, Allah ya jiƙan shi, ya ishe ni. Shekara guda ina jin abin da bakinsa ya iya. Ina so in ga abu ɗaya da hannunsa ya iya. Ɗaya kawai. In ya yi kyau, ya turo manya."

Na kai masa saƙo kamar yadda aka ba ni. Ya yi dariya ya shafa gemu. Gemun nan fari ne tas, yana taje shi sau uku a rana.

Ana cikin haka Khairunnisa ta sauka, aka samu 'ya mace, cikin watan Yuli da zafin nan nasu mai danshi. Ana maganar ragon suna, Likita ya ce a kai wa masu gashi na Bronx su yi. Dikko ya miƙe tsaye.

"A kai wa wa? Ina raye? Ni da mahautan Fagge suke zuwa in ɗanɗana musu yaji?"

Na ce, "Dikko, tsire kake saya a wurinsu. Saya."

"Saya da nazari, Yaya. Ku ba ni ragon nan gaba ɗaya. Ku gayyaci Fusena. Ranar za ta ga hannu."

Likita mai kunya ne, ba ya iya musu da kawun matarsa. Aka bar masa.

Ana gobe suna ya shigo ɗakina da wani abu a naɗe cikin rawani, ya tura ƙofa, ya kwance. Kwalba ce mai kauri, an toshe bakinta da jan danƙo, ruwan ciki kalar zuma mai duhu. Na gane ta, don tun lokacin Kirsimeti ya ba ni akwatin katakon da ta zo a ciki. Akwati ne mai kyau, har da ɗan makulli, a ciki nake ajiye carbina da goro. Wani Bature mai jar mota, wanda Dikko ke ajiye wa mota kullum, shi ya ba shi kyauta.

"Wata bakwai ina ɓoyon ta a ƙarƙashin gado, ina jiran rana irin wannan. Kin san abin da ya ce da zai ba ni? Ya ce, 'Dikko, wannan Kentaki baban ne.' Baban! Da bakinsa. Zama da ni har Hausa ta fara kama shi."

"Baban me?"

"Baban Kentaki mana. Uban su duka. Ya ce kaɗan-kaɗan ake yin sa, ganga ba ta wuce goma ba. Ya ce shekara tara yana kwance cikin gangar itace wadda aka babbake cikinta da wuta. Ya ce yadda ya fito daga ganga haka aka ɗura shi, ko ɗigon ruwa ba a sirka ba. Ya ce in bi shi a hankali, yana da ƙarfi."

"To shi mene ne?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan mahaifinmu. "Haba Yaya. Me ake yi a Kentaki? Kaza! Duk duniya ta san kazar Kentaki. Me ya sa tasu ta fi ta kowa? Tsimin da suke jiƙa ta a ciki. Wanda suke sa wa ta kasuwa ɗan ne. Wannan uban ne. Yanzu ki auna a jikin rago."

Na ce, "Kai wa Likita ya karanta rubutun jiki."

"Ya karanta ya gaya wa abokansa, gobe kowa ya buɗe shagon tsire? Ai na riga na jiƙa takardar na ɓare ta. Sirri sirri ne."

Ni ban yi boko ba sai aji uku. Ya ce Kentaki, na san kaza. Na ƙyale shi. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Ranar suna da safe Liman Abdul-Hanan ya raɗa wa yarinya Aishatu Humaira, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Wajen ƙarfe goma aka kawo rago daga mayanka. Akwai wani ɗan fili a bayan ginin, su suna ce masa bakyad. Ba zan fassara shi da Hausa ba, don za a ɗauka wani wuri nake nufi. Nan aka kafa rumfar leda, aka jera kujeru. Murhun gashi kuma na Kwabena ne, maƙwabcinmu na ƙasa. Kirista ne, Ba'ashante, amma a bakin Zango ya girma, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Shekara ashirin yana zuba wa Turawa abin shansu a wani otal. Mutumin kirki, ranar Sallah shi ke fara kawo mana gaisuwa. A ranar ya yi aikin kwana, yana kan gadonsa yana barci.

Dikko ya ɗaura farin zane a ƙugu kan babbar rigarsa, ya yanyanka nama a babbar roba, ya zuba ƙuli da yaji da albasa. Sannan ya juya wa jama'a baya, ya ɓalle danƙon, ya tuttula rabin kwalba.

Warin ya iso ni har inda nake tsinke alayyahu. Na ce, "Dikko, wannan abu naka warin ɗakin allura yake yi."

"Ƙamshin itace ne, Yaya. Hancinki bai saba da kayan manya ba."

Bayan azahar Likita ya tafi St. George ɗauko danginsa da suka taso daga Tremont, can Bronx. Mutanen unguwa suka cika rumfa, Liman yana gaba da carbinsa. Sai ga Fusena cikin leshi ruwan goro, ɗaurin kai kamar za ta ɗauki hoto. Dikko ya ga ta zauna, sai muryarsa ta ƙaru.

"Jama'a, yau za ku ci abin da ko shugaban ƙasar nan sai ya yi layi. Shekara tara a ganga!"

Fusena ta ce, "Malam Dikko, ka ɗanɗana?"

"Me?"

"Tsimin naka. Mai girki ba ya zuba abin da bai ɗanɗana ba. Ko gishiri ne."

Mata suka ce gaskiya ne. Dikko ya ce, "Ni da nake gane kayan miya daga ƙofar gida? To, don ki gani." Ya ɗauko ƙaramin kofin shayi, irin na Buzaye, ya cika shi taf. Ya ɗaga shi sama yana duban rana ta cikinsa, ya yi bisimilla, ya juye gaba ɗaya.

Wallahi na ga mutum ya haɗiyi barkono, na ga wanda kunama ta harba. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Da farko bai motsa ba. Sai idanunsa suka firfito, suka kaɗa jajur. Kunnuwansa suka yi rawa. Ya buɗe baki, ba magana sai iska, kamar tayar keke ta sace. Hawaye suka gangaro cikin gemu. Ya dafa murhu, ya ji zafi, ya saki, ya dafa kafaɗar Liman. Sannan tari ya zo, tarin da ya cire masa hula ta faɗa cikin robar albasa.

Na taso da ruwa. Ya ɗaga min hannu.

"Citta," ya ce, da wata 'yar siririyar murya kamar ta ɗan akuya. "Citta ce. Da masoro. Akwai kanumfari daga baya."

Fusena ta ce, "Kuka kake yi?"

"Daɗi ne."

Daidai nan tagar ƙasa ta buɗe, Kwabena ya leƙo da singileti, yana shinshina iska kamar mage. "Ei! Wa ya buɗe mashaya a bakyad?"

Ya fito da silifas ɗaya, ya bi hancinsa har gaban robar nama. Ya sunkuya, ya ɗago, ya ga kwalbar a hannun Dikko, ya ga jan danƙon. Sai ya ɗora hannu biyu a ka.

"Awurade, ya Ubangiji! Alhaji, me ka yi? Wannan ka zuba a nama?"

"Baban Kentaki ke nan," in ji Dikko. "Ka san shi ashe."

"Na san shi? Kwalba biyu kawai ake ba otal ɗinmu a shekara, a kabad mai makulli muke sa shi! Alhaji, wannan wuski ne. Giya. Giyar masara."

Mata suka ɗauki salati. Liman ya janye ƙafarsa daga kusa da robar. Ni kuwa na saki alayyahun da ke hannuna.

Dikko ya yi wata dariya. "Kwabena, kai kullum cikin giya kake, ko kunun zaƙi ka shinshina giya za ka ji. Bature da bakinsa ya ce baban."

"Ba baban ba! Baaban! Sunan irin wuskin ke nan!"

"To me na ce? Kun ji shi, ya maimaita abin da na faɗa."

"Ba uba ba! Ba shi da ɗa, ba shi da mata! Kawo ka gani." Ya karɓi kwalbar kamar jaririya, ya ɗiga kaɗan a murfi. "Ko mu da muke sha ba ma yi masa haka. Ɗan kaɗan ake zubawa, a kai hanci a hankali, baki a buɗe, don kada ya ƙone ka. Ka ji? Sukari da aka ƙona. Itace. Kamar dabino, kamar fanke da ya daɗe a mai. Sai a ɗiga ruwa, ɗigo biyu, a jira ya huce. A tsotsa kamar mai shan magani. Ƙarfin wannan ya fi na kanti da kusan rabi. Kai nawa ka sha?"

Wata mata ta ce, "Kofi guda. A tsaye."

"A tsaye! Alhaji, zauna. Don Allah zauna."

Da ya zauna a lokacin, da magana ta ƙare da sauƙi. Amma Fusena tana kallo, ta harɗe hannu. Dikko ya fizge kwalbarsa.

"Dabino, ka ce. Sukari, ka ce. Itace. Jama'a, a cikin waɗannan wanne ne haram? Ni na san giya. Giya kumfa take yi. Ina kumfa a nan?" Ya girgiza kwalbar. "Hassada ce kawai, don murhunsa ne amma sirrin nawa ne. In giya ce, ai in na ƙara zan bugu. Ku zuba ido."

Liman ya ce, "Malam Dikko, dakata, abin da ake shakka..."

Kafin ya rufe baki kofi na biyu ya wuce. Wannan karon bai yi tari sosai ba. Ya buga ƙirji ya ce, "Kun gani? Garau!" Ya shiga jera nama a kan waya, gawayi ya yi ja.

Tun safe ko koko bai sha ba saboda ɗoki. Ba a yi minti goma sha biyar ba na ga yana juya tsoka ɗaya sau shida. Sai ya je ya durƙusa ya gai da Liman. Ya dawo. Ya koma ya sake gai da shi, ya tambayi mutanen gida. Karo na uku Liman ya ce, "Suna nan yadda ka bar su ɗazu."

Sai waƙa. Dikko da ko a bikinsa na fari bai yi waƙa ba. Ya ɗauki murfin tukunya yana kiɗa, yana yi wa rago kirari, yana ce masa ɗan Kentaki jikan Kentaki. Ya juyo kaina ya ce, "Yaya Hasiya, ke ce uwata, ke ce ubana. Ni na cinye kuɗin adashinki shekarar da aka yi ambaliya, ba ɓera ba ne." Shekara arba'in da biyar ina zagin ɓeran nan.

Na ce, "Dikko, rufe bakinka ka zo ka sha ruwa."

"Ba zan rufe ba. Fusena!" Ya nuna ta da cokali mai yatsu. "Gishirinki daidai yake. Kullum daidai yake. Ƙarya nake yi don in daɗe a shagon."

Rumfa ta kwashe da dariya. Fusena ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma na ga kafaɗarta tana rawa.

"Yanzu ki ga hannu!" Ya ɗaga kwalbar, saura kamar kashi ɗaya cikin uku. "Shafawar ƙarshe!"

Kwabena ya yi tsalle yana ihu, "Kada ka zuba a wuta! Alhaji, a'a!"

Ya zuba.

Ban ji ƙara sosai ba, wani "fuuu" ne kawai, kamar an kakkaɓe babban bargo. Wuta shuɗiya ta tashi ta fi tsayin mutum, ta lashi rumfa, leda ta narke ta buɗe baki. Mata suka watse, kujeru suka kife, wata ta bar takalmi da jaka ta haye katanga, mace mai jikoki. Liman, da nake zaton ciwon gwiwa gare shi, shi ya fara kaiwa ƙofa. Ni na fizgi zanen da ke ƙugun Dikko na rufe masa fuska ina bugu. Kwabena ya ruga ya ɗauko jar tukunyar kashe gobara ya feshe murhu, ya feshe nama, ya feshe robar da ke ƙasa, ya haɗa da ni.

Da hayaƙi ya lafa na ɗaga zanen. Alhamdulillahi, fatarsa ba ta ƙone ba, ta dai yi ja. Amma gemu ya tafi ta gefen dama gaba ɗaya, hagu ya saura kamar tsintsiyar da ta ƙare. Gira babu ko ɗaya. Yana ta ƙifta ido, yana warin kan rago da aka babbake.

Ya ce, "Ya gasu?"

Ragon kuwa yana kwance fari fat da garin kashe wuta, kamar an yi masa hoda za a kai shi gidan miji.

Wata maƙwabciya ta riga ta kira 'yan kwana-kwana. Motarsu ta tsaya da jiniya daidai lokacin da Likita ya iso da danginsa na Tremont, mutum goma sha ɗaya, har da babban kawunsa da sanda, sun sha shadda sun yi tafiyar awa biyu da yunwa. Suka shigo tare da ƙartin Turawa huɗu masu hular ƙarfe. Babbansu ya duba murhu, ya ɗauki kwalbar da ta faɗi, ya shinshina, ya dubi Dikko, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya yi magana, a ciki na ji kalma ɗaya da na gane.

Dikko ya ɗaga yatsa. "Kun ji? Shi ma ya ce baban."

Likita ya ce, "Kawu, ina takardar jikin kwalbar?"

Na ce, "Ya ɓare. Amma akwatinta yana ɗakina." Na hau na ɗauko, na miƙa wa Likita a gaban kowa. Ya karanta, ya sake karantawa. Kunya ta hana shi dubana.

"Mama, wuski ne. Ga shi an rubuta har sau uku. Akwai ma gargaɗi ga masu ciki."

Ya buɗe akwatin, sai ga carbina na Madina a kwance da goro biyu. Wata bakwai! Na ce, "Innalillahi." Liman, da ya dawo yana haki, ya ce ba komai, katako bai sha ba. Amma na ga yana cizon leɓe.

Aka zaunar da Dikko a kan bokiti, aka ɗura masa ruwa da shayi mai kauri. Babban kawun Likita ya ce, "Malam, mene ne hukunci? Mu dai mun zo cin ragon suna."

Liman ya ce yanka ya yi, suna ya tabbata, amma naman nan ko kare sai ya yi tunani. Sannan ya juya. "Malam Dikko, kofin farko ba ka sani ba, Allah ba ya kama bawa da kuskure. Na biyu fa? Bayan wanda ya san abin ya gaya maka?"

"Na biyun bincike ne, Malam."

"Bincike."

"Don in kare jama'a."

"To ka kare su. Ga su nan ba rago. Ka yi istigfari, kuma ina tambayarka a gaban mutanen nan. Da ka karɓi kwalbar nan, ka san mene ne a ciki?"

Dikko ya buɗe baki. Na san bakin nan, na ga ƙarya ta taso har ta kai haƙori. Sai ya dubi ragon. Ya dubi baƙin da suka zo daga Tremont. Ya dubi taga, inda Khairunnisa ta leƙo da jaririya a kafaɗa, idonta ya cika da hawaye. Ya kai hannu zai shafa gemu, hannun ya wuce ta iska.

Ya ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Me ka ce?" Ba don ban ji ba.

"Na ce ban sani ba, Yaya. Ƙananan baƙaƙen ba na ganinsu. Kentaki kawai na gani."

Shekara sittin da ɗaya. Da ina da guɗa a bakina a lokacin da na yi.

Fusena ta miƙe, ta kakkaɓe leshinta, ta miƙa wa Kwabena makullin mota. "Buɗe bayan motata. Akwai tukunya uku, wake da shinkafa, da kaji talatin, da shito, baƙin yajinmu na Kumasi. A shigo da su."

Na ce, "Fusena, yaushe kika yi wannan?"

"Tun ranar da aka ce shi zai gasa na fara shiri, Hajiya. Ƙaninka ne, amma ni nake ciyar da shi kullum."

Aka ci aka ƙoshi. 'Yan kwana-kwana ma sai da aka cika musu roba. Kawun Likita ya ce bai taɓa zuwa suna mai daɗin wannan ba, a riƙa gayyatarsa. Kwabena kaɗai ya ƙi sakin fuska, yana zaune da kwalbar da ba komai a cinyarsa, in ya shinshina sai ya ce, "Shekara tara. A kan rago."

Da za ta tafi, Fusena ta tsaya a gaban bokitin. Dikko ya sunkuyar da kai.

"Malam Dikko, na ce ina so in ga abin da hannunka ya iya. Na gani. Kada ka taɓa min murhu har abada."

"To."

"Amma yau bakinka ya faɗi abu biyu da ban taɓa zaton zai iya ba. Ɗaya a kan gishirina. Ɗaya a gaban Liman." Ta gyara jaka a kafaɗa. "Ka je Likita ya sa a yi maka tabarau. In gira ta fito, gemu ya daidaita, ka turo manya. Ba zan yi hoto da kai haka ba."

Wata uku gemun ya ɗauka. An ɗaura aure bayan Mauludi, yana sanye da tabarau mai kauri kamar gindin kofi. Yanzu shi ke zama a kan kanta a shagon, an hana shi wuce labulen kicin. Sunan kuma ya bi shi. Daga Stapleton har Tremont ba mai ce masa Dikko, har yara masu amsa Hausa da Turanci, in sun gan shi sai su ce, "Sannu, Baban Kentaki." Yana amsawa.

Makon jiya na shiga shagon sayen shito, na tarar ya tsare wani baƙo da ya zo daga Kano, yana ba shi labari.

"Ai dabara ce. Na lura matar nan ba za ta amsa ba sai ta ga na sadaukar da wani abu. Na auna iska, na auna wuta, na ce gemu rabi ya isa."

Daga bayan labule Fusena ta ce, "Dikko, me ka ce?"

Ya gyara tabarau, ya rage murya.

"Ban sani ba, Hajiya."